Takardar da ke Zauren Mai Gari

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke cikin zuciyar mutum tun kafin baki ya gyara shi. Wannan babin saboda kai na rubuta shi, Sani, ko da yake sauran 'yan'uwanka ma su karanta. Labari ya zo mini cewa ranar Juma'ar da ta wuce ka tsaya a ƙofar masallaci kana cewa takardar yabon nan da ke rataye cikin gilashi a zauren Mai gari ta ubanka ce, ƙwace ta aka yi, kuma wai bana ba wanda zai fita aikin hanya daga unguwarmu sai an sauko da ita an kawo gidan nan. Wai har samari sun ce sun ji sun yarda. To zauna ka karanta. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ba na makaranta ba, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Amma maganar ba ta karkace ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar babur yana tsallake Kwarin Kanya a tsakiyar damina ba ku san yadda kwarin nan yake a da ba. Shi ne ya raba mu da hanyar Kafin Hausa. Da rani yashi ne kawai, jaki ma ba ya kula shi. Ruwa na sauka sau uku sai ya zama wani abu dabam: laka har cinya, ƙasan kuma rami nan rami can. Mai rashin lafiya a kafaɗa ake ɗaukarsa. Mai gyaɗa ko riɗi sai ya zauna da kayansa yana kallo har kasuwa ta tashi. Da aka yanke mana jiha daga Kano, aka ce Dutse ce hedikwata, mun yi murna kamar an yi mana haihuwa. Muka ce tunda gwamnati ta matso kusa, ai kwalbati ya zo ke nan. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sau biyu ana zuwa da mota a auna, a kafa sanda, a tafi. Sandunan kuwa mata suka yi girki da su.

Abin da ya tayar da ni ba wani abin kirki ba ne, kada ku ɗauka wahayi aka yi mini. Sa ne. Ina da shanun noma biyu a lokacin, na ɗaura musu amalanke zan kai dawa kasuwa, na dama ya zurma ƙafa a rami cikin kwarin, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. A nan muka yanka shi, cikin laka. Na dawo gida da nama a buhu, raina a ɓace. Bayan sallar Juma'a na miƙe, ban yi shawara da kowa ba, ban gaya wa Mai gari ba, na ce jama'a in an gama girbi ina kiran gayya a Kwarin Kanya.

To ga inda na yi kuskuren farko. Ku kun san gayya ta gona: mai gona ya kira, jama'a su zo da fartanya, shi kuma ya ciyar. Haka muka gada, wanda bakinsa ya kira, rumbunsa ke buɗewa. Ni a zatona tunda hanya ta kowa ce, kowa zai zo da guzurinsa. Ranar farko mutane suka fito, sun fi yadda na zata, aka yi ta haƙa har rana ta take tsaka. Sai na ga an ajiye diga da shebur an koma gindin kanya an zauna, kowa ya juyo yana kallona. Wani dattijo, Baba Audu, ya ce:

"Iro, furar tana hanya ne, ko mu je mu tarye ta?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na taho gida da sauri na tarar da mahaifiyarku tana wanki, goyon Sani a bayanta. Na gaya mata. Ta dube ni, ta tsame hannunta daga ruwa.

"Malam, mutum nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Kai ka kira su ba ka ƙirga ba, ni ce zan ƙirga a turmi?"

Ta kira maƙwabta biyu, aka buɗe rumbu. Ranar kunu aka sha, shi ma sai wajen la'asar. Daga ranar nan har shekara tara, duk ranar da aka fita aikin kwari daga rumbun gidan nan ake ci, kuma a turminta ake dakawa. Babu injin niƙa a garin nan a lokacin, ko da akwai ma fura ba ta injin ba ce. Surfe, wanki, daka, tankaɗe, a dafa, a sake kirɓawa. Ni ana ganina a bakin kwari ina ɗaga murya, ita ba mai ganinta.

Aikin kansa zan gaya muku yadda yake, don wanda bai yi ba yana ɗauka tara mutane ne kawai a ce bismillah. Ba haka ba ne. Duwatsu ba mu da su a nan, sai an je gindin tsauni ta wajen hanyar Dutse, tafiyar rabin yini a amalanke. Saboda haka sai na san wa ke da amalanke, wa sansa ke ɗingishi, wa zai ba da aron nasa amma ba zai yarda wani ya kora ba. Na raba unguwanni huɗu, kowace da ranarta, ban taɓa sa aiki ranar kasuwa ko ranar da ake biki ba. Na san wa da wa ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ba na haɗa su layi ɗaya na miƙa kwando. Na san masu zuwa da wuri su gudu da wuri, su nake ba haƙa, masu zuwa a makare kuma jera dutse. Igiya na samu na yi mata ƙulli-ƙulli, da ita nake auna faɗi don amalanke biyu su iya giftawa. Dutse babba a ƙasa, ƙanana a sama, marmara a kai, buhunan yashi a gefen da ruwa ke bugowa. Shekarar farko ban bar wa ruwa hanya ba, ya zo ya kwashe rabin aikin a wuni ɗaya. Na koyi cewa ruwa ba a tare shi, sai dai a nuna masa inda zai bi. Sai da na je rugar Ardo sau uku kafin ya ba mu bijimai, da sharaɗin mu bar wa shanu mashiga ta gefen yamma. Na bari, mutanen unguwar yamma suka yi fushi da ni shekara guda. Kuma duk wannan sai an gama shi kafin ruwan shuka. Sau da yawa ana kammalawa ne hadari na haɗuwa, kowa ya ruga gonarsa da ya riga ya share, ni kuwa tawa ko sassabe ban yi ba. Shi ya sa kuka tashi kuka ga gonarmu ita ce ta ƙarshen tsiro. Ba lalaci ba ne, ko da yake na ji an faɗa.

Shekarun farko muna da makaɗi, Mamman mai ganga, in ya sa kiɗa ya kama kirarin unguwa, dutsen da mutum huɗu ke ɗauka sai biyu su ɗaga. Da zamanin shari'a ya zo, malamai suka ce a bar kiɗa. Ni ban ja ba, ba ni da ilimin ja. Mamman ya rataye gangarsa ya zo ya ɗauki kwando kamar kowa. Muka koma salati da kabbara. Lada ya ƙaru, in sha Allahu, amma gaskiya aiki ya rage sauri, kuma mutum in ba kiɗa a kunnensa cikinsa yake saurare. Fura ta ƙaru. A shekarar ne turmin mahaifiyarku na biyu ya tsage.

A cikin shekarun nan ne aka fara sanarwa a rediyo cewa za a karrama masu aikin taimakon kai da kai a Dutse, waɗanda suka jagoranci jama'a suka yi wa garinsu aiki ba da albashi ba. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji sai raina ya biya. Na kai wata guda ina saƙa abin a raina. Har na ga kaina cikin farar riga ana kiran sunana a lasifika. Na je wajen Malam Liman, ban fito fili ba, na ce Allah gafarta Malam, mutum ne ya yi aiki don Allah, sai kuma aka zo za a yaba masa a bainar jama'a, yaya ke nan? Ya ce in ba shi ya nema ba, babu laifi, amma ya tsare zuciyarsa daga riya, don riya tana cinye aiki ƙurmus. Malam bai hana ni komai ba. Ni na ɗauki rabin maganar na bar rabi.

Wata ranar Talata da hantsi ma'aikaci ya zo daga ƙaramar hukuma a kan babur, da fayil a hammata. Mutumin birni ne, an ce a Kano ya tashi, mai hanzari. Ya riga ya tsaya a kwarin ya gani, ya auna da ƙafa. Aka tara mu a zauren Mai gari, marigayi, mahaifin wannan na yanzu. Dattawa suna zaune, ni ina can wajen ƙofa inda ya kamaci irina. Ma'aikacin ya buɗe fayil ya ce:

"Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau. Suna ɗaya ake so. Wa ya jagoranci wannan aiki?"

Mai gari bai yi wata-wata ba. Ku ji da kyau, don nan ne ake yi masa ƙarya. Ya nuna ni da sandarsa.

"Ga shi can. Iro ne. Iro, matso."

Na matso, na durƙusa. Ma'aikacin ya ɗora biro a kan takarda ya ce, "Kai ne shugaban aikin?"

To ku gaya mini, wane ɗan garin nan ne za a tambaya a gaban Mai gari da sa'o'in ubansa ya buɗe baki ya ce e, ni ne? Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Abin da ake yi, kai ka ture, manya su dawo maka da shi. Kowa a zauren ya san haka. Na sunkuyar da kai na ce:

"Wane ni. Aikin Mai gari ne, mu 'yan aike ne kawai."

Ina jira Baba Audu ya ce a'a, Iro, kai ne, Mai gari ya ce rubuta Iro, ni kuma in ce to tunda manya sun ce. Baba Audu har ya gyara murya. Amma mutumin nan bai san ana jira ba. Ya ce madalla, haka ake son shugabanni, ya rubuta, ya rufe fayil, ya dubi agogo ya ce yana da gari uku a gaba. Kafin a kawo masa ruwa ya tayar da babur. Wa zai bi baƙo da gudu ya ce dawo, Mai gari bai cancanta ba? Shi kuma Mai gari yaya zai aika a ce a cire sunansa, bayan mai aikin da bakinsa ya ba shi a gaban jama'a? Baba Audu ya dube ni ya ce a hankali:

"Kai ma dai, Iro. Ai ka ture da ƙarfi."

Mai gari ya tafi Dutse ranar taron. Ya ce in zo mu tafi, na ce ina da ban-ruwan dabbobi. Ƙarya ce, ba zan iya zama in ji ba ne. Ya dawo da takardar cikin gilashi, da baro biyu da shebur sababbi na gari. Washegari bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidan nan da ƙafarsa, shi kaɗai, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Takardar tana naɗe cikin mayafi. Muka zauna a zaure, ya ɗora ta a tabarma tsakanina da shi.

"Iro, wannan taka ce. Sunana ne a kai, amma Allah ya san gumin wa ke ciki. Karɓi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a yi haka ba. A zaurenka ta dace."

Ya tambayi lafiyar yara. Can ya sake turo ta gabana.

"Karɓi dai, Iro. Ka rataye a ɗakinka 'ya'yanka su gani."

Na ce, "Haba, ranka ya daɗe. Uba da ɗa ai duk ɗaya ne."

Hannuna yana kan gwiwata a shirye. Na riga na zaɓi inda zan kafa ƙusa. Na uku nake jira, don a na uku ake karɓa. Shi kuwa tsoho ne, ya gaji, ya sha hanya jiya, kuma ina jin ya ɗauka da gaske nake, tunda wannan ne karo na uku in aka haɗa da na zaurensa. Ya dube ni ya ce Allah ya yi maka albarka, samun irinka sai an tona. Ya naɗe ta cikin mayafin, ya dafa sanda ya miƙe. Na raka shi har bakin hanya ina yi masa godiya.

Da na dawo na tarar da mahaifiyarku tsaye a bayan ƙofar zaure. Duk ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Malam, sau biyu ya ba ka."

Na ce na sani.

"Ni da aka ce fura, sau ɗaya aka faɗa mini."

Ta juya ta shiga ciki. Kwana da kwanaki ba ta yi mini wata magana ba bayan gaisuwa da ga abinci. Wannan ya fi mini rashin takardar ciwo. Kuma kada wani ya zo bayan raina ya ce muku ubanku waliyyi ne, bai damu da yabo ba. Na damu. Na yi shekara ina shiga zauren nan ina kawar da kai daga bangon gabas, inda aka rataye ta. Ina so, na kasa cewa ina so, shi ke nan. Ba wanda ya ƙwace mini komai.

Yanzu ga abin da kai ba ka sani ba, Sani, don kana ƙarami. Da kaka ta zagayo, aka gama girbi, ruwa ya ci gefen kwarin kamar kullum. Ni na yi shiru. Ba dabara ba ce, zuciyata ce ta mutu, na ce bana ko hanyar za ta koma kogi ba zan buɗe baki ba. Juma'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, mutane suna kallona ina kallon tabarma. A ta uku Mai gari ya miƙe da kansa. Ya ce tunda sunansa ne aka kai Dutse, kunya ba za ta bar shi ya ga hanyar ta lalace ba, yana kiran gayya ranar Asabar. Da bakinsa ya kira. Kun san abin da wannan ke nufi. Ranar Asabar rumbun gidan Mai gari aka buɗe, matan gidansa da barorinsa suka yi daka. Ni ya aiko aka ce in zo da igiyata, na je, na raba layi, na auna faɗi, na yi faɗa da masu gudu kamar yadda na saba. Da rana ta take aka kawo fura a ƙorai daga gidan sarauta, na zauna gindin kanya na sha kamar kowa. Rabona da in sha furar gayya ba ina lissafin damin da ya fita ba, shekara tara.

Da na koma gida na tarar da ita zaune a inuwa tana tsifar kai, da rana tsaka, ranar gayya. Ta ce yaya furar tasu? Na ce ba ta kai taki ba. Ta ce:

"Ta kai ko ba ta kai ba, Allah ya bar musu takardarsu."

Ranar ta fara yi mini dariya.

Tun daga shekarar gidan Mai gari ke kira, gidan Mai gari ke ciyarwa. Da tsohon ya rasu ɗansa ya gaji zauren da abin da ke rataye a ciki, bai taɓa fashi ba ko shekarar da gero bai yi ba. A shekarun nan ne rumbunmu ya fara kai mu wata kaka, a cikinsu ne na sake haɗa shanun noma biyu. Ban tsara haka ba, ba ni da wannan wayon. Wauta na yi, Allah ya juya ta.

To kai yanzu kana so ka sauko da ita ka kawo gidan nan. Bismillah, wurin ƙusar ma yana nan. Amma ka sani ba ita kaɗai za ta taho ba. Ranar da ta shigo zauren nan, ranar Mai gari zai naɗe hannu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Za a juyo ana kallonka a gindin kanya. Ni gwiwata ta tafi, mahaifiyarku ba ta iya ɗaga taɓarya sama da kafaɗa, ka san haka, kai kake kai ta asibitin Dutse. Saura matarka. Ka je bayan ɗakin uwarku, akwai tsagaggen turmi a kife, ta hana a faskara shi shekara da shekaru. Ka kai matarka ta gani, ka tambaye ta, sannan ka zo mu yi magana.

In kuwa kun ƙi fita aikin bana don ku huce haushin da ni mai shi na riga na haɗiye, ruwa bai san wannan ba. Gefen gabas ya zaizaye, na je na gani da idona makon jiya. In ba a jera masa dutse kafin ruwan shuka ba, aikin shekara ashirin zai tafi a damina ɗaya, a koma ɗaukar marasa lafiya a kafaɗa. Ba takarda ba ce sunana a garin nan. In akwai inda sunana yake, a ƙarƙashin marmarar nan yake, kuma shi kake shirin bari ruwa ya tafi da shi.

Igiyar tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, ƙulli bakwai ne faɗin hanya. Ka ɗauka ranar Asabar. Ka biya ta zauren Mai gari tukuna ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri kan maganar masallaci, ba sai ka kalli bangon gabas ba, ni ma ban cika kallo ba. Ka bar shi ya kira da bakinsa. Kuma in wata rana wani ya miƙo maka abin da ka san ka yi wa wahala, kana kuma so, ka ture sau ɗaya saboda kunya, ya isa. A na biyu ka sa hannu ka karɓa. Ni na jira na uku, har yau bai zo ba.